Sukarin Cokali da Sukarin Kwalba: Nazarin Illar Sukarin da Ake Ƙarawa a Abinci ga Lafiyar Mazauna Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci illar sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ga lafiyar mazauna ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara. An yi bitar ayyukan da aka wallafa kan sukari da cututtukan da ba sa yaɗuwa, aka ɗora cimar yankin a kan ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015. Hujjar maƙalar ita ce, a wannan yanki sukari yana shiga jiki ne ta bakin cokali, cikin shayi da koko da fura da kunu, kafin a zo kan lemon kwalba. Kuma yana tarar da jikin da tamowa ta riga ta taɓa tun yarinta, abin da ke ƙara masa illa ko da babu ƙiba. Harajin da Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa lemon kwalba bai kai ga wannan sukari ba.

Muhimman kalmomi: sukari, ciwon sukari, tamowa, ruɓewar haƙori, haraji, Zamfara

1. Gabatarwa

Wanda ya san Zamfara zai iya ganin maganar yawan shan sukari a matsayin abin da bai kai a ɓata masa tawada ba. Jiha ce da aka fi jin sunanta a rahotannin yunwa da tamowa da gudun hijira. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Haka kuma ɗan Nijeriya, idan aka raba abin da ƙasar ke sha bisa yawan jama'arta, bai kai ga shan kilo 10 na sukari a shekara ba, alhali matsakaicin duniya ya haura kilo 20. Kilo 10 a shekara kusan giram 27 ne a rana, wanda ke ƙasa da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Da za a tsaya a nan, da sai a ce babu matsala.

Amma matsakaicin lissafi yana haɗa tsohuwar da ke ƙauyen bayan Kwatarkwashi, wadda sai da salla ko suna take ɗanɗana zaƙi, da matashin da ke tuƙa keke mai ƙafa uku a Gusau, wanda ke karyawa da shayi, ya yi rana da fura, ya rufe da lemo. Irin wannan lissafi ba ya nuna wanda ke sha, ba ya kuma nuna jikin da sukarin ke shiga. Waɗannan tambayoyi biyu su ne maƙalar ta bi.

An zaɓi ƙananan hukumomin uku ne saboda suna jere a kan hanya ɗaya: Tsafe daga wajen Funtuwa, Gusau babban birnin jihar a tsakiya, Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato. Kaya da mutane da ɗabi'un ci suna bin wannan titi, daga birni zuwa garuruwa, daga garuruwa zuwa ƙauyuka.

2. Hanyar nazari da ma'auni

Nazarin na bita ne. An dogara ga ayyukan da aka wallafa a mujallun kimiyyar lafiya, da ƙa'idojin hukumomin duniya, da dokokin Nijeriya da suka shafi sukari. Lissafin cima da ke sashe na 4 misali ne da aka gina a kan sanannen nauyin sukari a cokali da a kwalba, ba sakamakon ƙidayar gida-gida ba ne.

Sukarin da ake nufi shi ne duk wanda masana'anta ko mai girki ko mai ci ya zuba da hannunsa, haɗe da wanda ke cikin zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Haka ƙa'idar 2015 ta fayyace shi. Saboda haka mazarƙwaila da maɗi suna ciki. Zaƙin da ke cikin nono ko madara zalla ba ya ciki, haka ma na mangwaro ko dabino ko goruba idan an ci su da tsokarsu. Ƙa'idar ta ce kada wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, idan kuma ya yi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum mai cin kalori 2,000, kashi 10 shi ne giram 50, kashi 5 kuwa giram 25. Ƙaramin cokalin shayi da aka share bakinsa yana ɗaukar kusan giram 4, babban cokali kusan giram 12. Kowane giram na sukari kalori 4 ne.

3. Daga zaƙin alfarma zuwa zaƙin kullum

Bahaushe bai taɓa ƙin zaƙi ba, sai dai a da zaƙin yana da lokaci kuma yana da wuyar samu. Zuma sai an hau itace an sha harbi. Takanɗa sai kaka, rake sai fadama, maɗin ɗinya sai an tara an dafa. Alkaki da nakiya da dubulan kayan gara ne da salla, gumba ta sadaka ce. Wanda ya sha rake yana taunawa yana tofarwa, kafin ya gama sanda ɗaya muƙamuƙinsa ya gaji. Wahalar samu ita ce ke tsare jiki daga yawan sha.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau a 1927, garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa, kantunan 'yan kasuwar waje suka kawo kayan da ba a saba da su ba, har da farin sukari. Daga baya garin ya samu masana'antar alewa tasa, tare da masaƙa da matatar man gyaɗa. A matakin ƙasa an buɗe kamfanin sukari na Bacita a shekarun 1960, sai na Savannah a Numan, wanda Dangote ya saya a farkon shekarun 2000. An kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa a 1993, an amince da babban shirin sukari na ƙasa a 2012, an ƙaddamar da gonar rake da masana'antar Sunti a Jihar Neja a 2018. Duk da haka mafi yawan abin da ake sha ɗanyen sukari ne da ake shigowa da shi, galibi daga Burazil, a tace shi a Legas.

Abin da ya fi wannan tarihi muhimmanci ga lafiya shi ne yadda sukarin ke sauka hannun talaka. Buhu yakan koma tiya, tiya ta koma gwangwani, gwangwani ya koma ƙullin leda da yaro zai sayo da canjin da ya rage. Babu shagon unguwa ko teburin ƙauye da ba a samun wannan ƙulli. Da azumi kuwa sukari yana cikin kayan da gwamnati da 'yan siyasa da attajirai ke rabawa tare da shinkafa da gero, har ya zama ma'aunin karamci. Ba a ganin gida ya yi buɗa-baki yadda ya kamata sai kunu da zoɓo sun ji shi.

Rashin tsaron da ya addabi jihar fiye da shekara goma ya ƙara wani abu a kan wannan. Satar shanu ta rage nono, tare hanyoyin gona ya rage hatsi, mutanen ƙauyuka da dama na Tsafe da Bunguɗu sun koma cikin garuruwa da Gusau. Wanda ya bar rumbunsa ya koma saye da awo, abin da ya fi sauƙi a wurinsa shi ne garin kwaki da ruwa da sukari, ko burodi da ruwan shayi. Fura ma idan nononta ya yi ƙaranci ko an tsinka shi, sukari ake ƙarawa don a rufe gibin ɗanɗano. A ra'ayin wannan maƙala, nan ne illar ta fi tsanani: sukarin yana zama ne a gurbin nono da gyaɗa da wake, ba a kansu yake hawa ba.

4. Lissafin yini ɗaya

A ɗauki matashi mai aikin ƙarfi ko tuƙi a Gusau. Da safe ya tsaya wurin mai shayi, aka zuba masa babban cokali biyu: giram 24. Da rana ya sha fura da nono, mai furar ta zuba masa biyu: wasu 24. Kafin la'asar ya kai giram 48, wato yana bakin iyakar giram 50, bai taɓa kwalba ba, bai ci alewa ba, kuma idan aka tambaye shi zai ce shi ba mai shan zaƙi ba ne. Idan da yamma ya ƙara da robar Coca-Cola mai santilita 50, wadda ke ɗauke da kusan giram 53, jimla ta haura giram 100. Wannan kalori 400 ne da 'yan kai, kashi ɗaya cikin biyar na abincin mai cin kalori 2,000, ninki biyu na iyaka.

Cokali biyun da aka ɗauka a nan sassauci ne. Cokalin mai shayi ba a share bakinsa, kuma wanda ya ce a rage masa sukari akan dube shi da tambayar ko ba shi da lafiya.

Lissafin yaro ya fi tayar da hankali. Ɗan shekara biyu zuwa uku yana buƙatar kalori 1,000 ko ɗan fiye. Kashi 10 na wannan giram 25 ne, kashi 5 kuwa kusan giram 13. Babban cokali ɗaya a kokon safe ya cinye ƙaramar iyakar. Sauran yini kuwa akwai ƙanƙarar zoɓo, da alewar da baƙo ya kawo tsaraba, da ragowar shayin baba.

5. Abin da sukari ke yi a jiki

Farin sukari rabi gulukos ne rabi furuktos. Gulukos yana shiga jini, sinadarin insulin ya buɗe masa hanya zuwa tsoka da sauran sassan jiki. Furuktos kuwa hanta ce ke ɗaukar mafi yawan nauyinsa, idan ya zo da yawa lokaci guda sai ta mayar da wani kaso nasa kitse. Stanhope da abokan aikinta (2009) sun ba wasu manya masu ƙiba abin sha mai gulukos, wasu mai furuktos, daidai da kashi 25 na ƙarfin abincinsu, na tsawon mako goma. Nauyin da ɓangarorin biyu suka ƙara bai bambanta sosai ba, amma masu furuktos kitsensu ya taru ne a cikin ciki kewaye da kayan ciki, jikinsu kuma ya rage jin insulin. Wannan kitse na ciki ba ya buƙatar mutum ya zama ƙato kafin ya yi ɓarna.

Sukarin da aka narkar a ruwa yana da wata illa ta daban. Ba ya ƙosar da mutum yadda abinci mai tauri ke yi, don haka wanda ya sha lemo ba ya rage tuwon da zai ci. Te Morenga da abokan aikinta (2013), a ɗaya daga cikin bitocin da aka gina ƙa'idar 2015 a kansu, sun samu cewa rage sukari yana rage nauyin manya da kusan giram 800, ƙara shi kuma yana ƙara kusan haka. Adadin ba shi da yawa, amma gwaje-gwajen na gajeren lokaci ne, shan sukari kuwa na tsawon rai ne.

Game da ciwon sukari nau'i na biyu, Malik da abokan aikinta (2010) sun samu cewa masu shan abin sha mai sukari sau ɗaya zuwa biyu a rana haɗarinsu ya fi na masu sha jefi-jefi da kashi 26 cikin 100. Imamura da abokan aikinsa (2015) sun samu ƙarin kashi 18 a kan kowane kofi na kullum, da aka cire tasirin ƙiba kuma ya sauka zuwa kashi 13. Wannan ragowar 13 ita ce ta shafi Zamfara kai tsaye, domin tana nufin siriri ma bai tsira ba. A ɓangaren zuciya, Yang da abokan aikinsa (2014) sun bi manya a Amurka, suka ga waɗanda sukari ke ba su kashi 17 zuwa 21 na ƙarfin abincinsu haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya fi na masu kashi 8 da kashi 38. Matashinmu na sashe na 4 yana cikin wannan rukuni. Binciken Lara-Castor da abokan aikinta (2025) ya ƙiyasta cewa a 2020 abin sha mai sukari ne sanadin sabbin masu ciwon sukari miliyan 2.2 a duniya, a Afirka kudu da Sahara kuma fiye da kashi 21 na sabbin masu ciwon.

Yawancin waɗannan ayyuka na bin mutane ne a ga abin da ya same su, ba gwajin da aka raba su kashi biyu ba, don haka alaƙa suke nunawa. Ƙarfinsu yana zuwa ne daga yadda sakamakonsu ya dace da juna a ƙasashe daban-daban, ya kuma dace da abin da aka gani a gwajin hanta. Yana da kyau a tuna kuma cewa jinkirin amincewa da illar sukari ba na rashin hujja kaɗai ba ne. John Yudkin ya yi gargaɗi tun 1972, aka yi watsi da shi. A 2016 Kearns da abokan aikinta suka fito da takardun da suka nuna wata gidauniyar masana'antun sukari a Amurka ta biya masana a Jami'ar Harvard a shekarun 1960 don bitar da ta karkatar da zargi zuwa ga kitse.

Haƙori shi ne wurin da hujja ta fi ƙarfi. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da farin saman haƙori na ɗan lokaci bayan kowane sha, kafin yawu ya daidaita bakin. Binciken Vipeholm a Suwidin, wanda aka yi tsakanin 1945 da 1953 a kan masu taɓin hankali ba tare da yardarsu ba (abin da a yau ba za a lamunta ba), ya nuna cewa alewa mai danƙo da ake ci tsakanin abinci ta fi sukarin da ake ci tare da abinci lalata haƙori nesa ba kusa ba. Iloka da tuwon madara da gullisuwa da ake tallarsu a ƙofar firamare da Islamiyya duk irin wannan ne: masu manne wa haƙori, ana tsotsarsu a hankali, sau da yawa a yini. Iyaye da yawa suna hana yara zaƙi don tsoron basir ko tsutsar ciki. Hanin daidai ne, dalilin ne ba shi ba. Da an mayar da tsoron kan haƙori, da aswaki ko buroshi bayan alewa ya shiga cikin tarbiyya.

6. Shaida daga maƙwabta

Binciken ƙasa kan cututtukan da ba sa yaɗuwa na 1992, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Akinkugbe, ya samu ciwon sukari a jikin kashi 2.2 cikin 100 na manya. Uloko da abokan aikinsa (2018) sun haɗa binciken da aka yi daga baya, suka samu kashi 5.77 a ƙasa baki ɗaya, Arewa maso Yamma kuma ita ce mafi ƙaranci da kashi 3.0, Kudu maso Kudu mafi yawa da kashi 9.8. Zaman birni da rashin motsa jiki da yawan shekaru da rashin ingancin cima suna cikin abubuwan da suka lissafa a matsayin masu jawo shi.

Shaidar da ta fi kusa da yankin wannan nazari daga Sakkwato take, jihar da aka ciro Zamfara daga cikinta a 1996. Sabir da abokan aikinsa sun auna Fulanin birni (2011) suka samu kashi 4.6 da ciwon sukari, suka auna Fulanin karkara (2013) suka samu kashi 0.8. Jini ɗaya, ƙasa ɗaya, bambanci ya haura ninki biyar. Ba sukari kaɗai ya raba su ba. Akwai tafiyar ƙafa da kiwo da noma a gefe guda, zama da abin hawa da shinkafa da taliya a ɗaya gefen. Amma wannan bambanci shi ne tazarar da ɗan gudun hijira daga ƙauyen Tsafe ke ƙetarewa cikin dare ɗaya idan ya sauka Gusau, kuma sukari yana cikin abubuwan farko da yake tararwa.

Ƙarancin adadin Arewa maso Yamma bai kamata ya kwantar da hankali ba. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa cikin manya miliyan 24 masu ciwon a yankin Afirka, kashi 54 ba su san suna da shi ba. Ciwo ne da ke daɗewa ba ya nuna kansa, sai ƙafa ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, ko gani ya ragu, ko ƙoda ta gaza, sannan a nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Kallon da ake yi masa na ciwon masu kuɗi yana ƙara jinkirin, domin manomi siriri ba ya kawo shi a ransa.

7. Kwana dubu na farko

Hales da Barker (1992) sun kawo ra'ayin cewa jaririn da ya sha yunwa a ciki da farkon rayuwa jikinsa yakan ginu a kan tattali: gaɓar da ke samar da insulin ba ta cika girma, tsoka takan yi ƙaranci. Irin wannan jiki yana iya jure ƙaranci, amma idan daga baya ya haɗu da yalwar sitaci da sukari sai ya kasa ɗauka. A 2025 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da wani nau'in ciwon da ke da nasaba da tamowa, ta kira shi nau'i na biyar; yana kama matasa sirara, kuma tun 1955 aka fara bayyana shi a Jamaika. Ba sukari ke haddasa wannan nau'i ba, amma jikin da insulin ɗinsa ya yi ƙaranci shi ne mafi rashin ƙarfin ɗaukar kofin da aka cika da shi. A yankin da fiye da rabin yara ba su kai tsayin shekarunsu ba, giram 50 ba ya nufin abin da yake nufi a Landan.

Daga Ingila ɗin ma aka samu shaida mafi ƙarfi kan yarinta. An ci gaba da ƙayyade wa jama'a sukari bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa Satumban 1953, da aka ɗage kuma shan manya ya tashi daga kusan giram 40 zuwa kusan 80 a rana. Gracner da abokan aikinta (2024) sun kwatanta waɗanda aka ɗauki cikinsu kafin ɗagewar da na bayanta, mutum kusan 60,000. Waɗanda kwanakinsu dubu na farko, tun daga ɗaukar ciki, suka faɗo cikin ƙayyadewa haɗarin ciwon sukarinsu ya ragu da kusan kashi 35, na hawan jini da kusan kashi 20, waɗanda suka kamu kuma ciwon sukarin ya yi jinkirin kusan shekara huɗu. Bambancin watannin haihuwa ne kawai ya raba su.

Wannan ya shafi kunun mai ciki da na mai jego, ya shafi kokon yaye. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 kan ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 ta ce kada a ba su abin sha mai sukari. Koko da sukari yana cika cikin yaro ya yi shiru, amma ba ya kawo masa abin gina jiki ko na ƙarin jini. Kuɗin ƙullin sukarin da za su koma garin ƙuli-ƙuli ko waken suya ko ƙwai, da kokon ya zama abinci. Haka ma lemon malt da ake haɗawa da madara a kai wa mai jego ko marar lafiya da sunan ƙarin jini: sukarinsa ba shi da nisa da na sauran lemuka, jinin kuwa hanta da ganye da ƙwayoyin asibiti ke ƙara shi.

8. Zuma, sakarin da inda sukari ke ceto

Zuma tana da daraja a addini da al'ada, Alƙur'ani ya ambaci warakarta a Suratun Nahli. Wannan bai sauya cewa kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta sukari ne ba, kuma mai ciwon sukarin da ya bar farin ya koma mata da babban cokali bai rage komai ba. Mazarƙwaila ma haka. Ɗan abin da ta fi farin sukari da shi bai kai ya canza lissafi ba. Sakarin da masu kunu da zoɓo ke komawa gare shi idan sukari ya yi tsada ba ya ɗaga sukarin jini, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara ga irinsa don rage ƙiba, kuma yana riƙe harshe a kan son zaƙi mai yawa.

Wayar da kai da za ta mayar da sukari guba baki ɗaya za ta yi kisa. Ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, shi ke riƙe yaro mai gudawa kafin a kai asibiti. Abincin gyaɗa na leda da ake ba yara masu tsananin tamowa yana da sukari da gangan. Mai allurar insulin da sukarinsa ya faɗi, musamman da azumi, ƙwayar sukari ce maganinsa nan take.

9. Haraji da abin da ya bari

Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022. A kan robar santilita 50 wannan naira 5 ne, kuma hauhawar farashi ta shanye ta tuni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin haraji ba ya sauya sha sosai sai ya ɗaga farashi da kashi 20 ko fiye. Meziko ta sa feso ɗaya a kan lita a 2014, saye ya ragu da kusan kashi 6 a shekarar farko. Afirka ta Kudu da Birtaniya, duka a 2018, sun ɗaura harajin a kan yawan sukarin da ke cikin lemon, abin da ya sa kamfanoni suka rage shi. Na Nijeriya a kan lita yake, don haka mai sukari kaɗan da mai yawa kuɗi ɗaya suke biya, babu abin da zai sa kamfani ya rage. Ƙungiyar farar hula ta CAPPA ta nemi a kai shi naira 130 a kan lita.

Ko da an kai shi haka, giram 48 na farko a lissafin sashe na 4 ba su san da shi ba. Kuma gwamnati tana magana da baki biyu: tana ɗora haraji a kan lemo, tana kuma neman ƙasar ta wadatu da sukari, tun 2002 ma ta wajabta sa bitamin A a cikinsa tare da fulawa da man girki. Manufar ta yaƙi da makanta da mutuwar yara ce, amma ta mayar da sukari abin da ake dogara da shi wajen isar da magani. Man girki da fulawa suna iya ɗaukar wannan aiki ba tare da an buƙaci yaro ya ƙara cokali ba.

Sukarin cokali ba shi da kwali balle a rubuta masa gargaɗi, don haka sai an je inda ake zuba shi. Masu shayi da masu fura da masu kunu su ne ke riƙe da ma'aunin, kuma rage sukari riba ce a gare su idan duk layin ya rage tare, a hankali, yadda harshen mai saye zai saba. Asibitocin awon ciki da na rigakafi su ne wurin da maganar kokon yaye za ta samu kunne. Masu rabon kayan azumi suna iya mayar da buhun sukari buhun wake. Ga masu bincike kuwa, aikin da ya fi gaggawa ba mai tsada ba ne: ƙaramin sikeli, da na'urar auna zaƙin ruwa, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe ko na Jami'ar Tarayya ta Gusau, a auna kofin shayi da na koko da kwanon fura a tashoshin mota da kasuwannin garuruwan uku, cikin azumi da bayansa, a haɗa da awon sukarin jini da faɗin ƙugu na masu sha, a ware waɗanda aka haifa a gari da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauye.